Littafin aiki: laftof ɗin makarantar dare da matsalar baƙin allo

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025

Ranar Talatar da ta wuce, 14 ga wata, wa'adin Windows 10 ya cika, wato Microsoft ya daina aiko masa da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Laftof ɗin da muke koyarwa da ita a makarantar dare ta unguwarmu tana cikin waɗanda ba za su hau Windows 11 ba, domin ƙwaƙwalwarta Core i7-6700HQ ce, zubi na 6, ta 2015, jerin Intel da aka amince da shi kuwa galibi daga zubi na 8 ya faro. Akwai tsarin ƙarin wa'adi, amma ga ɗaiɗaikun mutane shekara ɗaya ce kawai, zuwa Oktoban 2026. Kwamfutar kuwa lafiyarta lau. RAM giga 8, SSD giga 256, allo mai 1920×1080. Ba abin da za a jefar ba ne, ballantana a wannan zamani da ko ta hannu sai mutum ya yi shiri kafin ya saya.

Na nemi izinin shugaban makaranta in ɗora mata Linux Mint 22.2 a madadin Windows, wadda aka fitar a watan Satumba, aka gina ta a kan Ubuntu 24.04, za kuma a ci gaba da kula da ita har 2029. Ya ce, "Malam, abin da na sani shi ne majigi ya nuna, rajistar ɗalibai kuma kada ta ɓace." Sharuɗɗa biyu ke nan, kuma na karɓa. Na kwashe rajista da takardun jarrabawa zuwa filash daban, na sauke fayil ɗin Mint da datar dare tunda ya kusa giga 3, na gwada shi da `sha256sum` lambar ta yi daidai da ta shafinsu, sannan na rubuta shi a filash.

Na kunna ta daga filash ɗin. Tambarin Mint ya fito, ya ɗan juya, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka ta ɗauki gudu. Shi ke nan.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Baƙin allo ba ciwo ɗaya ba ne, shi ya sa kafin in taɓa komai na tsaya in gane wanne ne a gabana. Gwaje-gwajen ba sa cin ko sisi.

Na farko, tocila. A laftof hoto daban ne, fitilar da ke haska shi daga baya daban. Idan fitilar ce ta mutu ko aka rage ta zuwa sifili, hoton yana nan, ido ne kawai ba ya gani. Ka kashe wutar ɗaki ka haska tocilar waya a karkace dab da gilashin, za ka hango inuwar tagogi da rubutu. Na haska, babu komai. Hasali ma gefen allon yana ɗan fitar da haske, wato fitila tana ci, hoton ne babu.

Na biyu, maɓallin Caps Lock. Idan ka danna 'yar fitilarsa ta kama ta mutu, kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urori, yana raye, ɓangaren nuna hoto ne kaɗai ya faɗi, kuma sau da yawa Ctrl+Alt+F2 zai kai ka baƙin shafin da ake rubuta umarni. A tawa fitilar ba ta motsa ba, F2 ma shiru. Kwamfutar gaba ɗaya ce ta sandare.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne allon yana nuna BIOS, shafin saitin da ke fitowa kafin manhaja ta tashi, tar, yana nuna jerin zaɓin filash tar. Gilashin da ya fashe ko wayar da ta tsinke ba sa zaɓar lokacin da za su yi aiki. Duk abin da ke faruwa, yana faruwa ne a daidai lokacin da kanel ya karɓi ragamar allo daga hannun UEFI (sabon nau'in BIOS) ya miƙa wa direba, wato 'yar manhajar da ke magana da na'urar hoto.

A jerin zaɓin filash akwai layi na biyu, "compatibility mode". Da shi ta buɗe har zuwa tebur. Na ɗora manhajar a haka, na share Windows gaba ɗaya tunda an kwashe abin da ake buƙata. Da ta gama na zare filash, ta sake kunnawa, sai baƙin allon nan ya dawo. Na sa ran haka, domin abin da ya sa filash ya buɗe bai bi manhajar zuwa cikin SSD ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Yau ranar `nomodeset` ce, kuma ina so in daɗe a kanta, domin ita ce kalmar da kowa zai ba ka idan ka ce allonka ya yi baƙi a Linux.

Yadda ake sa ta: da kwamfuta ta fara tashi ka danna Esc don jerin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ya fito (a tsofaffin da ba UEFI ba Shift ake riƙewa), ka danna `e`, ka nemi layin da ya fara da `linux`, bayan `quiet splash` ka ƙara `nomodeset`, sai F10. Wannan na tashi ɗaya ne, ba ya zama. Na yi, ta buɗe.

To amma dubi abin da ta buɗe da shi. Allon 1920×1080 ya koma 1024×768, komai ya baje ya yi faɗi, da'ira ta zama ƙwai. Maɓallan rage haske ba sa aiki, fitila na ci a ƙarshen ƙarfinta. Cinnamon, wato teburin Mint, ya fito da sanarwa cewa a duba direban hoto. Da na rubuta `glxinfo | grep "OpenGL renderer"` amsar ita ce llvmpipe, ma'ana babbar ƙwaƙwalwar ce ke zana kowane ɗigo da kanta, na'urorin hoton na zaune ba aikin fari ba na baƙi. Bidiyo na sarƙewa, ƙasan kwamfutar ya yi zafi.

Dalili shi ne `nomodeset` ba ta gyara komai. Tana hana dukkan direbobin hoto na kanel karɓar allo, a ci gaba da amfani da ɗan abin da UEFI ya shimfiɗa tun farko. Kamar a ce soket ɗaya ne ke tartsatsi a gida, sai aka je aka sauke babban makunni. Tartsatsi ya tsaya, amma gida na cikin duhu. Amfaninta na gaskiya shi ne ta tabbatar maka matsalar ta direba ce, ta kuma ba ka hanyar shiga ka bincika. Na ga mutane da dama sun rubuta ta a `/etc/default/grub` sun bar ta har abada, daga baya su ce Linux na cin batir, ba ta iya bidiyo. Wannan yana ba ni takaici, domin kwamfutarsu ta fi ƙarfin abin da suka bar ta a kai nesa ba kusa ba.

Da na samu shiga, `lspci -k | grep -A3 -E "VGA|3D"` ya nuna na'urorin hoto biyu: Intel HD Graphics 530 da ke cikin ƙwaƙwalwa, da Nvidia GeForce GTX 960M a gefe. Irin wannan haɗin ana kiransa Optimus, tun 2010 ake yin sa. Intel ce ke riƙe da allon laftof, Nvidia kuwa tana barci sai an zo aiki mai nauyi ta farka ta zana ta miƙa wa Intel. Direban Intel shi ne i915. Na Nvidia da ke zuwa cikin kanel shi ne nouveau, wanda masu sa kai suka gina galibi ta hanyar nazarin yadda na'urar ke aiki. Aiki ne da ya cancanci jinjina, kuma a kwamfutoci da yawa yana tafiya lafiya.

Sai `journalctl -b -1`, wanda ke nuna rahoton tashin da ya gabata, wato wanda ya sandare. Layukan ƙarshe duk da sunan nouveau suka fara, ana maimaita cewa an jira na'urar ba ta amsa ba. Babu ko layi ɗaya na kuka daga i915.

Don haka na sake tashi, na cire `nomodeset`, na sa `nouveau.modeset=0` a gurbinta. Wannan soket ɗin nan kaɗai yake kashewa. Allo ya fito da cikakken 1920×1080, rubutu ya zama siriri mai kyau, maɓallan haske suka dawo da kansu ba tare da na taɓa su ba, `glxinfo` ya ambaci Intel. Fanka ta yi shiru.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Shugaban makaranta ya ce jiya ya yi wa wani mai gyara bayanin abin a waya, ya ce masa sikirin ne, a kawo a canza. Ban ga laifinsa ba, bai ga kwamfutar ba, kuma yawancin baƙin allon da ake kai masa da gaske gilashi ne ko waya. Amma da an kai, da an biya kuɗin sabon allo an dawo gida da baƙin nan yadda yake. Na buɗe ta a gabansa ya ga rajistarsa. Ya ce, "To majigin fa, Malam?" Na ce Allah ya gafarta malam, saura shi.

Na jona HDMI, babu abin da ya fito. `xrandr` bai ma lissafa mazubin ba, allon ciki kawai ya ambata, eDP-1. A wannan ƙirar, mazubin HDMI a jikin Nvidia aka ɗaura shi, ba Intel ba. Ba duk laftof ke haka ba, wasu komai ta Intel yake bi, amma tamu haka take. Tunda na kashe direban Nvidia, na kashe majigi ke nan. Dole a sa mata direban kamfanin.

Kafin nan na ɗauki hoton tsarin da Timeshift, don in abu ya ɓaci in koma inda nake.

Asabar, 25 ga Oktoba

A Driver Manager akwai zaɓi fiye da ɗaya, kuma a nan ya kamata mai tsohuwar kwamfuta ya buɗe ido. A 2022 Nvidia ya fitar da ɓangaren direbansa na kanel a buɗe, su ne masu kalmar `open` a ƙarshen suna. Waɗannan daga zubin Turing zuwa sama suke aiki, wato GTX 16 da RTX 20 da abin da ya biyo baya. GTX 960M zubin Maxwell ce, sai rufaffen direba. Kuma jerin 580 shi ne na ƙarshe da zai ɗauki Maxwell da Pascal da Volta, don haka duk wanda ya gaji wannan kwamfutar daga hannuna kada ya ga babbar lamba ya ce ita ce mafi kyau.

Na ɗora, na sake tashi. Allo ya fito lafiya, amma `nvidia-smi` ya ce ba ya iya magana da direba. `dkms status` kuwa ya nuna an gina shi an girka. Da na tilasta shi da `sudo modprobe nvidia` sai amsa ta fito: "Key was rejected by service". `mokutil --sb-state` ya tabbatar Secure Boot a kunne yake.

Ga yadda abin yake. Secure Boot ba ya barin a tashi da abin da ba a sa wa hannu da makullin da aka yarda da shi ba. Linux na shiga ta wata 'yar manhaja mai suna shim da Microsoft ya sa wa hannu, ita ta yarda da GRUB da kanel, kanel kuma ba ya ɗaukar direban da ba shi da sa hannu. Direban Nvidia ɗin nan a cikin kwamfutar aka gina shi, da makullin da ita kwamfutar ta ƙirƙira, kuma har yanzu ba a gabatar da makullin ga shim ba.

Hanya mai sauƙi ita ce a shiga BIOS a kashe Secure Boot, kuma ba zan ce wanda ya yi haka ya yi ɓarna ba. Ni dai ban so ba, domin wannan kwamfuta filashin mutane iri-iri ke shiga cikinta kowane dare. Na rubuta `sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der`, ta nemi kalmar sirri ta amfani sau ɗaya. Da ta sake tashi shuɗin shafi ya fito yana ƙirga daƙiƙa 10. Wanda bai san shi ba zai ɗauka wata sabuwar matsala ce ya bar shi ya wuce, alhali shi ne ƙofar. Ka danna kowane maɓalli, Enroll MOK, Continue, Yes, kalmar sirri, Reboot. Haruffan ba sa bayyana lokacin da kake rubutawa, kuma shafin jerin maɓallan Amurka yake ganewa, don haka lambobi zalla sun fi aminci.

Bayan haka `nvidia-smi` ya nuna GTX 960M da zafinta. Na jona talabijin ɗin gida ta HDMI, hoto ya fito.

Talata, 28 ga Oktoba

Wani abu da ban lura da shi ba sai da na zauna dogon karatu: allon ciki yana ƙiftawa. Ba kullum ba. Idan shafi ya tsaya cak na ɗan lokaci sannan na motsa linzami, sai ya yi wal kamar an ɗauke wuta an dawo da ita nan take.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne wayar allo, siririyar nan da ke bi ta mahaɗar murfi, domin a kwamfutar hannu da ta sha buɗewa da rufewa ita ce ke fara gajiya. Gwajinta shi ne ka riƙa motsa murfin a hankali gaba da baya kana kallo. Idan waya ce, ƙiftawar za ta bi motsin hannunka, wani lokaci da layuka masu launi. Na motsa ta kowace fuska, hoto bai ko girgiza ba. Talabijin da ke jone kuma bai taɓa ƙiftawa ba.

Ƙiftawar da ke zuwa bayan tsayuwar hoto alama ce ta PSR. Dabara ce ta tattalin batir: idan hoto bai canza ba, allon yana riƙe shi a 'yar ma'ajiyarsa ya ci gaba da nunawa, na'urar Intel ta huta. Wajen farkawa ne wasu alluna ke yin tuntuɓe. Na gwada `i915.enable_psr=0` ta hanyar `e` ɗin nan na GRUB tukuna, na yi karatun dare guda babu ƙiftawa, sannan na rubuta shi a `/etc/default/grub` na bi da `sudo update-grub`. A nan ne kuma na tabbatar babu sauran `nouveau.modeset=0` a fayil ɗin, tunda direban kamfani da kansa yake hana nouveau tashi. Batir zai ɗan rage daɗewa, na yarda da wannan cinikin. Ɗalibanmu manya ne, wasu da tabarau suke karatu, allon da ke wal-wal azaba ne gare su.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Majigin makaranta tsoho ne, VGA kawai gare shi, muna haɗa shi da 'yar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA. Hoto ya fito a bango, amma a 1024×768, alhali a jikin majigin an rubuta 1280×800. Layukan teburin lissafi sun yi dishi-dishi, na bayan aji ba za su iya karantawa ba.

Kowane allo ko majigi yana ɗauke da ɗan bayanin kansa da ake kira EDID, tubalinsa na farko bayit 128 ne: sunansa, girmansa, da ma'aunan da yake iya nunawa. Kwamfuta na karanta shi da zarar an jona. Idan bai iso ba, sai ta koma ma'aunan da ta san kusan kowa na ɗauka. `xrandr --verbose` ya nuna EDID a ƙarƙashin eDP-1, a ƙarƙashin HDMI kuwa babu sunan majiginmu ko kaɗan.

Na gwada hanyar da aka saba, `cvt 1280 800 60` don samun layin ma'auni, sai `xrandr --newmode` da `--addmode`. Na biyun ya ƙi, ya ce BadMatch. Direban Nvidia yana tantance ma'auni da kansa, ba ya karɓar wanda allo bai shaida masa ba sai an shiga fayil ɗin saitin Xorg, manhajar da ke tafiyar da hoton tebur, an sassauta masa. Kafin in kai can na zare wayar VGA na duba bakinta da tocila. A cikin fil 15 na VGA, na 12 da na 15 su ne hanyar da EDID ke bi. Na 12 ya lanƙwashe ya kwanta a gindi. Launuka na bi ta fil na 1 da 2 da 3, shi ya sa hoto ke fitowa ba wanda ya taɓa zargin wayar.

Na ari wata wayar daga shagon buga takardu na bakin layi. Sunan majigi ya bayyana, 1280×800 ya fito da kansa. Gobe in sha Allahu za a sayo sabuwa. Na tambayi malaman da suka riga ni, suka ce ai dama haka rubutun yake dishi-dishi tun zamanin Windows, sun ɗauka tsufan majigi ne.

Talata, 4 ga Nuwamba

An yi darasin farko da ita daren jiya, lafiya lau har aka ɗauke wuta, majigi ya mutu, aka ci gaba a allon laftof. A nan na ga batir na zuba da sauri fiye da yadda na saba gani a makon da Intel kaɗai ke aiki.

`prime-select query` ya ce `on-demand`. A sabbin na'urori, daga Turing zuwa sama, wannan yanayin yana barin Nvidia ta mutu gaba ɗaya idan ba a buƙatarta. Maxwell ba ta da wannan, tana nan a kunne tana shan wuta ko ba ta aikin komai. Idan aka koma `intel` batir na daɗewa, amma HDMI ya tafi. Babu saitin da zai ba mu duka biyun a wannan ƙirar.

Abin da muka tsayar: daren da akwai wuta ko an tayar da janareta, `on-demand`. Idan malami zai tafi da ita gida shirya darasi, ya danna 'yar alamar Nvidia da ke ƙasa kusa da agogo ya zaɓi Intel, ya sake kunna ta. Na rubuta wannan da Hausa a takarda na manna a cikin jakarta.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Saura matsala ɗaya. Idan aka rufe murfi tana `on-demand` ta yi barci, wani lokaci in an buɗe allo ya zauna baƙi. Wannan karon Caps Lock na amsawa, kuma Ctrl+Alt+F2 sannan Ctrl+Alt+F7 na dawo da tebur da duk abin da ke buɗe, don haka ba irin sandarewar farko ba ce. A yanayin `intel` ban ga ta yi ba.

Na duba `nvidia-suspend` da `nvidia-resume` da `systemctl`, duka a kunne suke. Abin da zan bi yanzu shi ne saitin `NVreg_PreserveVideoMemoryAllocations`, wanda ke sa direba ya adana abin da ke ma'ajiyar na'urar hoto kafin barci, in ga ko a kunne yake da kuma inda yake ajiye fayil ɗinsa. Ina kuma so in kama rahoton `journalctl` nan take bayan ta yi, in gwada da majigi a jone da kuma ba a jone ba, domin ina zargin abin ya fi faruwa idan an zare HDMI tana cikin barci.

Kafin nan na shiga saitin wuta na ce rufe murfi kada ya sa ta barci idan tana kan caja, kuma na roƙi malamai su kashe ta gaba ɗaya bayan darasi. Ranar Laraba babu aji, zan karɓe ta in yi gwajin zare HDMI ɗin.